Sista Binta, Na Ji Abin da Ake Yi Miki

Ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, Allah ya karɓi ran Sista Binta Zakariyya'u ta Makera. Ta yanke jiki ta faɗi a bakin titi tana jiran keke zuwa wurin aiki, aka ce hawan jini ne. Ko shekara arba'in ba ta cika ba.

Binta, ni ce Mama Celina, tsohuwar malamar makaranta ta Sabon Tasha, wadda aka kawo ɗakinku na masu ciwo mai tsanani bayan haɗarin mota. An sa mini tiyo a maƙogwaro, ba na magana, kowa ya ɗauka ba na cikin hayyacina. Ke kaɗai kike gaishe ni kafin ki taɓa ni. Kina jiƙa auduga ki shafa mini a leɓe. Da kika ga gashina ya cuɗe, kika zauna kika yi mini kitso guda huɗu, kika ce kada 'ya'yana su zo su tsorata.

Amma kunnena a buɗe yake. Na ji ranar da kika ce wa shugabarku maganin da za a sa wa wani dattijo ya yi yawa, ta daka miki tsawa a gaban ɗalibai, ta kira ki baƙauya mai rawar kai. Likita ya zo ya rage maganin, ita kuwa ba ta yafe miki ba. Ta hana ki hutunki, ta riƙa haɗa miki aikin mutum biyu. Abokan aikinki suka daina zama kusa da ke don kada abin ya shafe su. Ki gama shan zagi, ki zo ki juya ni a hankali, hawayenki na ɗiga a hannuna.

Da aka cire tiyon, abin da na fara faɗa shi ne, "'Yata, na ji abin da ake yi miki." Kika yi dariya kika ce, "Kai Mama, ashe da 'yar rahoto muke kwana!"

Bayan an sallame ni ba ki yar da ni ba. Zuwanki na ƙarshe gidana, barci ya kwashe ki a kan kujera, shayi na hannunki. Da kika farka kika ce, "Mama, ba gajiyar ce ke ba ni tsoro ba. Yanzu mutum zai rasu a hannuna, in ji ban ji komai ba." Kin nemi a canza miki ɗakin aiki a asibiti, aka ce babu ma'aikata, ki ƙara haƙuri. Kika ƙara.

A wurin zaman makoki na ga abokan aikinki cikin farin kaya, idanu jawur, suna sauri su koma bakin aiki. Masu iko da asibitoci, ku dube su tun suna tsaye da ƙafafunsu.

Allah ya jiƙan ki, Binta, ya yi miki rahama, ya ba ki hutun da aka hana ki. Malam Aminu, mijinta, da Hajiya, mahaifiyarta, Allah ya ba ku haƙuri. Fatima, 'yarta, Allah ya raya ki. Ƙofata a buɗe take gare ki muddin ina da rai.