Madam Rifkatu Mai Tambayar "Sau Nawa?"

Ƙarfe bakwai da rabi na safe za ka gan ta a bakin titin Shango tana tare Keke Napep, da jakar leda cike da takardu da wata tsohuwar laima. Ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma take zuwa, sai dai kujerarta ba ta cika jin ɗuminta ba. Takan saurari masu ƙara zuwa sha ɗaya, daga nan sai bin gidaje, wata rana har Beji. Shekara talatin da biyar ke nan Madam Rifkatu Shekwolo tana wannan aiki, ƙarshen watan nan kuma za ta yi ritaya. Na ce ba za ta tafi shiru ba ina da bakin magana.

A bakin ƙofarta na fara jin lakabin da aka sa mata: Madam Sau Nawa. Duk wanda ya ce mata ɗansa kullum kaza yake yi, sai ta gyara tabarau ta ce, "Kullum ɗin, sau nawa?" Mutane na jin haushi. Ni ma na ji.

Shekara uku da suka wuce na raka yayana Maiwada, mai walda a unguwar Sauka Kahuta, wurinta. Ɗansa Umar Faruk, mai shekara goma sha ɗaya, ya addabe mu da gudun makaranta. An yi duka, an yi nasiha, an hana abinci, duk a banza. Yaya ya riga ya yanke shawara a kai shi gidan horon yara, sa hannun Madam kawai ya rage. Uwar yaron ta rasu, ni gwaggonsa kuwa na gaji, don haka ban musa ba. Har yau ina jin kunyar wannan shirun nawa.

Ta dube ni ta ce, "Kai, zauna." Hausar Madam ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne.

Yaya ya ce, "Madam, kullum sai ya gudu."

Ta yi tambayar tata. Yaya ya ce shi bai taɓa ƙirgawa ba. Ta jawo wata kalandar kamfanin siminti ta miƙa masa, ta ce ya yi alama a duk ranar da yaron ya gudu, har mako uku. A cikin kwanakin ban da bulala. Kullum da yamma kuma ya zauna da shi minti goma, yaron ya zaɓi abin da za su yi.

Yaya ya ce, "Ikon Allah. Ni na kawo ƙara, ni kuma aka ba wa aikin gida?"

A ranar ta gaya mana dalilinta. Ta ce a da ita ma sa hannu take yi ba gardama. Sai aka tura su wani kwas, aka nuna musu binciken da aka yi a wurare da dama, cewa tsare yaro kan ƙaramin laifi bai cika gyara shi ba. Ba ta yarda ba. Ta dawo ta bi sawun yara talatin da ta tura da hannunta, gida gida, don ta ƙaryata masu binciken. Ta tarar yawancinsu ba su koma aji ba, wasu ma iyayen ba su san inda suke ba. Ta ce, "Ni ne na yi kuskure, Malam. Ba zan ƙara da naka ba sai na duba."

Da muka mayar da kalandar, alama shida ce, duk Talata da Alhamis. Madam ta hau babur ta je makarantar da kanta. Ashe a waɗannan ranakun ake tayar da yara ɗaya ɗaya su yi karatu a gaban aji. Umar Faruk yana aji biyar, amma ko haɗa baƙi bai iya ba, 'yan ajin kuma suna yi masa dariya. Mu muna gida muna dukan yaro a kan abin da ba mu taɓa tambayarsa ba. Ta roƙi malamin ya daina tayar da shi, ta haɗa shi da wata malama da ke koya wa manyan yara karatu daga farko.

Bayan wata uku ta kira mu, har da yaron. Ta ajiye takardar gidan horon a kan tebur, ta ce wa Yaya in har yanzu yana so, ga biro, ya sa hannu ita ma ta sa. Kafin ya buɗe baki yaron ya sunkuya, ya ɗora yatsa a layin farko, ya karanta sunansa da na ubansa, a hankali, yana cijewa. Sai ya ɗago ya ce, "Baba, ta mece ce?" Yaya ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce ba ta komai ba ce. A hanya na ga yana share ido da gefen hularsa.

Madam, ke ce kika tsaya tsakanin ɗanmu da wannan ƙofa. Ke ce kika binciki aikin hannunki, kika ga aibinsa, kika faɗa da bakinki a gaban mai walda da ƙanwarsa. Ba kowa kike dacewa a kansa ba, ke ma kin faɗa, akwai gidajen da kika yi ta sintiri abin bai yiwu ba. Amma ba ki taɓa rufe fayil don kawai tebur ya yi sarari ba.

Mun gode, 'yar Shekwolo. Allah ya ba ki lafiyar cin hutunki. Ku kuma da za ku gaji kujerarta, da mu iyaye masu saurin hannu, don Allah mu riƙa dubawa kafin mu yanke wa yaro hukunci.

Umar Faruk yana aji biyu a ƙaramar sakandare yanzu. Ba zan yi muku ƙarya ba, bai zama waliyyi ba. Shekaranjiya ma ya fasa min tulu da ƙwallo, na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Amma a tsakar gidanmu ya fasa shi, kuma a ɗakin ubansa ya kwana.