Zakiyyu Mai Hoton Kyanwa, Har Yau Ina Neman Fuskarka

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 8 ga Mayu, 2025, hatsarin mota ya rutsa da kai a hanyar dawowa Gumel daga kasuwar Maigatari. Wayarka ma, mai ɗauke da dukan hotunan da ka ɗauka, ba ta tsira ba. Tun ranar, Zakiyyu, na kasa zama wuri ɗaya.

Bayan sadakar bakwai matarka Lauratu ta aiko mini. Hotonka take so ta ajiye wa Hidaya, 'yarku mai shekara uku, kada ta tashi ba ta san fuskar ubanta ba. Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Ashe! Kai da ka ɗauki hoton rabin garin nan ba ka taɓa yarda a ɗauke ka ba, ko ranar ɗaurin aurenka.

Na bi waɗanda ka koya wa hoto kyauta, har Gagarawa da Sule Tankarkar. Kowace waya na buɗe, kyanwoyi ne, kuma kowa sai ya maimaita mini karatunka. Kashe filasha, tana mayar da idon kyanwa kamar na aljani. Jira hantsi ko la'asar sakaliya. Kai ta bakin taga, haske a bayanka, ba a bayanta ba. Ni kaina sau nawa ka ce mini, “Sha'aibu, durƙusa mana! Kyanwa za ka ɗauka, ba rufin ɗaki ba.” Na yi ta mita ina kakkaɓe gwiwa, kana dariya. Wallahi yau da zan ji muryar nan, da rub-da-ciki zan yi.

Guda ɗaya na samu, a wayata. Ranar da baƙar kyanwata ta ƙi fitowa a hoto, ka ɗaga farin mayafi a gefenta don ya mayar mata da haske. Ta fito tas, har gashin bakinta. Kai kuwa mayafin ya rufe ka, sai hula da hannaye.

Da kunya na kai shi gidanka. Hidaya ta ɗora yatsa a kan wayar ta ce, “Hannun Abba ne.”

Gobe zan nufi Maigatari, ban daina nema ba. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka kamar yadda ka yi ta nema wa bayinSa haske. Lauratu, Hidaya da dukan dangi, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Amin.