Garafunin Gwaggo da almakashin tela

Gwaggona ta shekara talatin tana sayar da ganyen garafuni, kuma na rantse harshenta ya fi maganin ɗaci. Masu jego da masu ciwon ciki ke cika mata tsakar gida, ta sallame su da ƙulli ɗaya da zagi biyu.

Garafunin nata a gindin katanga ya fito, ya naɗe ta, ya zuba gidan maƙwabcinta, wani tela mai fuska kamar an hana shi gado. Ita kuwa tana da ƙa'ida: ganyen da hantsi bai taɓa ba ciyawa ne, ba ta sayar da shi. Hantsin kuma ta gefen tela yake bugawa. Saboda haka kullum sai ta jingina tsani, ta hau, ta zura hannu gidan mutum.

"Baba, leƙen me kike mana?" in ji tela.

"Me za a leƙa? Wandon mutane da ka yanke ƙafa ɗaya ta fi ɗaya?"

Ranar da ta faɗi haka gaban wani da ya kawo ɗinki, tela ya ɗauko babban almakashinsa ya aske gefensa tas, ya watso mata reshen ta kan katanga. Ganyen inuwa kaɗai ya rage mata.

Na ce, "Gwaggo, ki tsinki wannan mana. Wa zai gane?"

"Ubanka zai gane," ta ce. Ƙanenta ke nan, ya shekara goma a ƙasa.

Ko ganye ɗaya ba ta sayar ba. Duk wadda ta yi sallama sai ta nuna mata ƙofar tela. "Maganin ya koma can, 'yar nan. In ya ce babu, rowa ce, ki zauna."

Suka zauna kuwa. Mata goye da jarirai suka cika masa shago, wannan na kuka, wancan ya yi fitsari kan shaddar mutane. Keken ɗinki ya yi kwana tara ba a taka shi ba.

Ran na goma tela ya ɗaure igiya a katanga don sabon toho ya samu abin kamawa, ya kafa nasa tsanin a gefensa, ya tura matarsa ta faɗa wa Gwaggo.

Gwaggo ta shiga gidansa ba sallama, ta girgiza tsanin.

"Wannan ma kai ka auna shi? Riƙe min, kada ka kashe ni."

Ya riƙe. Har yau ba sa gaisawa.