Ƙofar da Aka Yi wa Walda

A harabar gidan tarihin soja nake kallonsa. Tsoho ne dogo, da tabon ƙuna daga kunne zuwa wuya, yana tsaye bayan motar sulken da ta fara ɗaukar sojojin ƙasa zuwa fagen daga. Ni a can inda na yi karatu hotonta kawai na sani. Shi kuwa ko allon bayani bai duba ba. Ƙofar baya yake shafawa, wadda aka yi wa walda aka bi da fenti.

"Baba, ba a taɓawa," in ji mai gadi.

"Wane ɗan iska ne ya liƙe ta? Mutum takwas ke fita ta nan! Mu ko sakata ba ma sawa. Sau ɗaya ta cije mana, sau ɗaya tak."

"Ai ado ce yanzu, Baba."

"Ado a gidanku!"

Ina zaton tsohon shi ne direbanta, wanda ke da tasa mafitar ta sama, ta nan ya tsira ran da ƙofar ta cije. Ya daki ƙarfen sau biyu da tafin hannu, alamar a fito, sannan ya ja gefe kamar mai ba mutum takwas ɗin hanya.