Hannun Kanagavalli

Kanagavalli ta tsufa a ɗakin ɓerayen cibiyarmu ta bincike a birnin Madurai na Indiya. Ɓerayen ba na kwararo ba ne. Masana sun cire musu ƙwayar gado guda, amma a jini da jijiyoyinsa kawai. Ita ke ba su abinci, ta wanke kejinsu, ta zagi duk wanda ya buga musu ƙofa.

Ranar bikin Hindu na bautar kayan aiki, manaja Seshadri, don neman suna, ya sa aka jibge gasasshiyar shinkafa da ayaba gaban injin wanke keji a matsayin hadaya, aka bar su suka kwana. Gafiyar kwata ta shigo ta ci, ta bar cutar da ta kama ɓerayen. Likita ya ce a kashe ɓerayen duka.

Wa zai kashe? Kanagavalli mana! Ta kashe su tana kuka tana tsinuwa.

Da ta gama ta miƙa wa Seshadri mabuɗin ɗakin. Marar kunyar ya janye hannu, wai shi ko nama ba ya ci, ba ya karɓar komai daga hannun mai kisa.

Ta jefa masa mabuɗin a ƙirji ta ce, "Yallaɓai, ayabarka ce ta kashe su. Ni hannu kawai na ara maka."