Zinariya Mai Zanen Duwatsu Ta Tafi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga Rabi'ul Awwal, 1311, zazzaɓin ƙarshen damina ya ɗauke ki a ɗakina a Runka. Ni Asama'u, matar Mani marini, ni na rufe miki ido.

Sunanki Edit Marlo, mutuniyar Ingila, amma saboda launin gashinki muka ce Zinariya. Kin ba ni labarin yadda kika taso kina zanen bakin teku da tuddan ƙasarku, manyan masu zane suka ƙi rataya aikin mace, sai da kika sa sunan yayanki namiji a kai. Abin ya ishe ki, kika biyo ayarin fatake ta Sahara har ƙasar Katsina.

Shekara shida muna tare. Da shuninki ya ƙare, mijina ya koya miki haɗa launi da baba da jar ƙasa. Duwatsun Batsari da fadamar Tsaskiya kika zana, ba ki taɓa zana mai rai ba, shi ya sa malamai suka ƙyale ki. Shekarar agana kuwa, da cutar ta kama 'yata Inno, ke kika zauna da ita kwana goma sha ɗaya, lokacin da dangi ke tsayawa daga bakin zaure.

Bara mahara suka ƙone ƙauyenmu, suka tafi da Mani. Na zo Runka ba mayafi, na same ki a can. Kika shimfiɗa mini takardar da kika zana ƙauyen a kai: ga karofinmu, ga tsamiya, ga rumbunan. Kika ce, "Yaya, wannan ba za su iya ƙonawa ba."

To, Zinariya, gara ta shiga akwatin zanenki. Zane arba'in kika bari, bakwai sun lalace, ɗakin yana yoyo. Na rasa inda zan kai su. Na tare fatake uku, babu wanda ya san hanyar garinku. Liman Sahabi ya ce mini ba a roƙa wa wadda ba ta salla gafara. Ban yi musu ba, amma na kasa yin shiru.

Ya Allah, Kai ka san abin da ta yi mana, na bar lamarinta a hannunka, Mai rahama. Ga wanta da sauran danginta, idan takardar nan ta taɓa isa: Allah Ya ba ku haƙuri. Ku sani ba ta mutu a wulaƙance ba. Ku aiko a karɓi aikinta tun da sauransa.