Jininsa Ne, In Ji Likita

Shekarun baya can, lokacin da sojoji suka koma bariki kowa ya tsunduma cikin siyasa, mahaifina ya kwanta ciwo a gidanmu na Wudil. Idanunsa suka yi rawaya, jiki sai ƙaiƙayi. Aka ce shawara ce. Ya sha jiƙe-jiƙe har ya gaji, amma kullum sai ramewa yake.

A lokacin muna 'yar tsama da shi. Yana wata jam'iyya, ni kuma da rawar kaina na bi wata, har da hawa mota da lasifika ina zagaya Indabo da Darki ina kushe ɗan takararsa. Ko kujerar kansila ba mu ci ba, sai dashewar murya.

Da abin ya ƙi, muka kai shi asibiti a Kano. Aka yi hoto, aka ɗebi ɗan nama, aka ce ƙari ne a wani abu da ke kwance bayan tumbi, wai shi fankiriyas. Ranar da za a faɗi sakamako an aike ni neman magani, sai gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta shiga da shi. Likitan ya ce irin wannan ƙarin a ɓargo aka san shi, da wuya a same shi a nan. Gwaggo ta gyara zama, don tun farko ita jifa take zargi.

"Likita, to wa ya kai masa shi wurin?"

"Babu kowa, Hajiya. Jininsa ne."

Shi ke nan. Shi likitan yana nufin wasu ƙwayoyin jini ne suka hayayyafa suka dunƙule. Ita kuwa ta ji an ce jininsa, wato ɗan cikinsa. Kuma a 'ya'yansa wa ya hau mota da lasifika?

Ba wanda ya tare ni da zancen. Sai dai in na shigo gida hira ta mutu. In na kawo masa fura, a karɓa a ce "an gode", anjima in ga kwanon a bayan ƙofa. Ranar da na ga mahaifiyata ta sunkuyar da kai ta kasa kallona, wallahi na ji ciwo. Ni ma sai na fara zargin kowa. In mutum ya yi mini sannu, in kwana ina juya sannun. Daga baya ƙanwata ta tsegunta mini cewa gwaggo ta faɗa a gida wai ni na yi masa jifa.

Na ja gwaggo muka koma wurin likitan. Bawan Allah ya yi bayani dalla-dalla, ya ce an duba ɓargon lafiya lau, gashi za a yi wa ƙarin da na'ura a Zariya, kuma irinsa yana jin gashi. Muna fitowa gwaggo ta taɓe baki.

"Rufa maka asiri ya yi, ɗan nan. Ai na ji ta farko."

Ranar tafiya da safe aka taru a ɗakin mahaifina, ana ta ja-in-ja a kan wanda zai yi jinyarsa, kowa na kauce wa sunana. Shi yana kwance kamar ba ya ji. Can ya buɗe ido ya dube ni.

"Kai, ɗan adawa, dama mini kunu."

Na tashi na dama. Gwaggo ta miƙo hannu za ta karɓa, ya ce ta bari. Ya kafa kai ya shanye, alhali a kwanakin nan ko cokali biyu ba ya iya sha. Ya ce ni zan kai shi. Muna cikin mota ya amayar da kunun duka, ya ce kada in faɗa wa kowa.

An yi gashin, ya sha wuya, Allah ya tashi kafaɗunsa. Ya ƙara shekaru masu yawa muna ta musun siyasa.

Abin da na koya shi ne, in likita zai yi wa dangina Hausa, ƙafata ƙafarsu. Gwaggo kuwa, Allah ya jiƙanta, takan zo gidana ta yi hira, ta yi wasa da yarana. Amma har ta koma ga Allah, ruwanta take zuwa da shi a jaka.